Ranar da Guduma Ya Shiga Tasha

Su biyu mahaifinsu ya bari a duniya, kuma a garejinsa suka tashi, cikin baƙin mai da ƙarar walda. Babban shi ne wanda daga baya kowa ya sani da Guduma, mai gabatar da shirin motoci a gidan talabijin. Ƙaramin kuwa ba wanda ya san fuskarsa, domin shekara goma sha bakwai ya yi a bayan kyamara yana ɗaukar yayansa. Ido ake ce masa a wurin aiki. Yayan ne ya laƙaba masa, sunan ya bi shi har gida, har Inna ma da shi take kiransa.

Tun suna yara an san wanda ya gaji zuciyar Baba. Baba mutum ne da in noti ya ƙi kwancewa sai ya zage shi kamar yana ji, in ya ƙara gardama ya yi jifa da sifana, wanda ta samu shi ya sani. Guduma ya kwashe wannan duka, ya ƙara da baki. Ido kuwa kaucewa ya koya.

A jarida Guduma ya fara, yana rubuta ɗan shafi kan motoci, daga nan gidan talabijin ya ba shi minti goma sha biyar a lokacin da ba mai kallo. Ya jawo ƙanensa ya riƙe masa kyamara. Sun yi wata takwas ba wanda ya san suna yi, sai ranar da wani dillalin motoci ya kawo musu wata jar mota mai ƙyalli kamar an lashe ta, don a yaba ta a shirin. Guduma ya zagaya ta sau biyu yana ƙwanƙwasa jikinta da bayan yatsa, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashi. Ido na kallonsa ta cikin kyamara ya ga jijiyar wuyansa ta miƙe, irin ta Baba. Sai yayan ya je motarsu ya ɗauko guduma. Bugu ɗaya ya yi a bayan ƙofar direba, fenti ya tsage, abin da aka cike wurin da shi ya zubo kamar busasshiyar laka, layin walda ya bayyana tun daga rufi har ƙasa. Ashe motoci biyu ne da suka yi haɗari, aka yanko gaban wannan da bayan waccan aka haɗa. Dillalin ya taso da ihu zai riƙe shi, Guduma ya sa gwiwar hannu ya tunkuɗe shi ya faɗa kan tsofaffin tayoyi, sannan ya bi motar da duka, fitilu da gilas da madubi da bonet. Da ya gaji ya juyo yana haki, ya dubi kyamara ya ce wannan ba mota ba ce, makara ce mai rediyo.

Daga ranar ya zama Guduma. Aka mayar da shirin awa guda, aka sa shi bayan labaran yamma. Mutanen da ko keke ba su da shi suka riƙa taruwa gaban talabijin don su ji wa za a ci wa mutunci a makon. Ya san mota, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba. Da kunne yake gane ciwon inji. Shi ya tona asirin masu shigo da jabun birki, ya farfasa kwali goma a gaban shagonsu suna kallo. Amma bakinsa bai san inda mota ta ƙare mutum ya fara ba. Ya zagi masu ƙananan motoci, ya ce gwangwanin madara suke shiga. Ya zagi masu manyan, ya ce duk wanda ka gani a ciki akwai abin da ya rasa a gida. Ya taɓa mata masu tuƙi, ya taɓa tsofaffi, ya taɓa masu koyo. Takardun ƙorafi suka cika kwali biyu a ofishin Darakta, wata mata mai sanyin murya da ba a taɓa jin ta ɗaga ta ba. Sau ɗaya ta tilasta masa ya ba da haƙuri a shirin. Ya gyara wuyan riga, ya ce yana neman afuwar duk wanda ya ji haushin maganarsa, don wallahi bai zaci za su gane ba.

Abin da masu kallo ba su gani ba, Ido ne ke ganinsa. A shekara biyu masu ɗaukar sauti uku suka ajiye aiki. Ɗaya an jefe shi da hannun jak na ɗaga mota saboda makirufo ya yi ƙara. Mai tace hotuna ya sha mari a gaban mutane don ya yanke wata barkwanci. Shi kansa Ido yana da tabo a saman gira, inda madubin gefen mota ya same shi wata rana da batir ya mutu ana tsakiyar ɗauka. Washegari Guduma zai shigo kamar ba a yi komai ba, ya yi ta zuba raha har sai wanda ya daka ya yi dariya ba da son ransa ba. In Ido ya kai ƙara gida, Inna ta ce yayansa ne, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sai ya haɗiye, ya koma bayan kyamara.

Rigimar direbobin manyan motocin fasinja ta taso ne bayan wata bas ta fashe taya a babbar hanya, mutum goma sha tara suka mutu. A shirin makon Guduma ya ce direbobin dogon zango mahauta ne masu lasisi, bambancin kawai shi ne mahauci yana wanke hannu in ya gama. Ƙungiyar direbobi ta aiko cewa kada ya kuskura ya tako babbar tasha. Shi kuma ya sanar a talabijin cewa ranar Talata da ƙarfe goma na safe yana nan zuwa duba tayoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Darakta ta hana, ta ce ba motar ofis ba ma'aikacin ofis. Mai ɗaukar sauti ya ce shi yana da iyali. Da safiyar Talatar Guduma ya tsaya a ƙofar gidan ƙanensa da tasa motar, ya danna hon sau ɗaya. Ido ya daɗe zaune a bakin gado da takalmi ƙafa ɗaya, sannan ya ɗauki kyamara ya fita.

Tashar ta cika maƙil, bas-bas a jere sun ba da baya ga katanga, ana ɗora kaya a rufi, warin dizal da hayaƙi ko'ina. Suna shiga hayaniyar ta ragu kamar an rage rediyo. Direbobi da 'yan kamasho suka bar abin da suke yi suka biyo su a hankali. Guduma bai ko waiwaya ba. Yana tafe yana tsugunawa gaban kowace mota, yana cusa makullin motarsa a zanen taya don ya nuna zurfinsa, yana yi wa kyamara bayani da muryar nan tasa ta izgili. Ido yana jin numfashin mutane a ƙeyarsa.

A bas ta shida suka tsaya. Tayar gaba ta dama ta yi sanƙo, har wayar ciki ta leƙo a gefe, ga fasinjoji sun riga sun cika kujeru, wata mata da jariri a bakin taga daidai saman tayar. Direban ya fito daga rumfa yana goge hannu, tsoho ne siriri mai furfura, Baba Sannu ake ce masa a tashar, don shekara talatin yana tuƙi ba a taɓa ganin ya wuce wata mota a kwana ba. Ya yi musu sallama da ladabi. Ya ce ya san tayar ta mutu, sau uku yana gaya wa mai motar, shi direba ne kawai, in bai tashi ba a ba wani makullin, wanda ba zai lallaɓa ta kamar shi ba. Guduma ya saurare shi har ƙarshe yana gyaɗa kai. Sannan ya zaro wuƙa daga aljihun baya ya soka a gefen tayar da duk ƙarfinsa.

Ƙarar ta yi kamar an harba bindiga. Iskar ta yi jifa da Guduma baya, bas ɗin ta karkace, fasinjoji suka sa kururuwa suna rububin ƙofa. Kafin ya miƙe dutse ya same shi a kafaɗa. Wani ƙaton ɗan kamasho ya shaƙo wuyan rigarsa, Guduma ya sa masa goshi a hanci, jini ya ɓalle. Daga nan tashar ta rufto. Aka zo da benci, aka zo da katako, wani yana zabga masa bel ɗin inji a baya kamar bulala. Ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗi kusa da akwatin kayan aikin wata mota, ya tashi da ƙarfen kwance taya a hannu yana wulwula shi, mutane suka ja baya suka yi masa zobe. Goshinsa ya tsage, jini ya rufe masa rabin fuska, amma bakin bai mutu ba, yana kiransu mahauta yana cewa su matso.

An buga wa Ido katako a gadon baya sau biyu, bai sauke kyamarar ba. Ba jarumta ba ce, hannunsa ne ya ƙi saki. Ta cikinta ya ga Baba Sannu yana kutsawa tsakanin mutane, hularsa ta faɗi, ya shiga tsakiyar zoben ya ba Guduma baya, ya buɗe hannuwa yana roƙon 'yan'uwansa su bar shi haka, kada a yi kisa a tasha. Wasu har sun fara sauke katako. Tsohon ya juyo wajen Guduma yana miƙa hannu, alamar ya ba shi ƙarfen. Ƙarfen ya sauka a gefen fuskarsa. Ido ya ji ƙarar ƙashin har cikin haƙoransa. Tsohon ya zube kamar an yanke igiya.

Abin da ya biyo baya ya fi na farko muni nesa ba kusa ba. Ido bai ga yawancinsa ba, don shi ma an kayar da shi, ya kwanta a kan kyamarar, wani ya riƙa taka masa yatsu da takalmi yana son ya fizge ta. Wata mai sayar da tikiti ce ta ja shi da ƙafa zuwa ɗan ɗakinta ta sa sakata. Ta tagar da ake miƙa tikiti ya ga an kifar da motar yayansa an cinna mata wuta, ya ga ana jan wani abu a ƙasa da bai yarda mutum ba ne sai da ya gane takalmin. 'Yan sanda sun iso da hayaƙi mai sa hawaye, shi ya sa aka samu abin da za a kai asibiti.

Guduma bai mutu ba. Haƙarƙari biyar, ƙafa ta karye wuri biyu, ɗinki arba'in da wani abu a kai. Kafin ya farfaɗo gari ya riga ya rabu biyu. Masoyansa suka ce an nemi kashe shi don ya faɗi gaskiya, suka cika harabar asibiti. Direbobi suka ce shi ya fasa wa tsoho fuska. Masoyan suka ce ƙarya ne, a cikin turmutsutsun, direbobin da kansu suka bugi tsohon suna neman wanda za su ɗora wa. Waɗanda suka ɗauka da waya duk daga baya suke, ba abin da ake gani sai kawuna da ƙura. Hoto ɗaya ne ya ga komai, yana cikin jakar Ido.

A rana ta shida Guduma ya sa aka fitar da kowa daga ɗakin, ya bar ƙanensa. Fuskarsa a kumbure, ido ɗaya ne ke buɗewa. Ya tambaya ko kyamarar ta ɗauka, Ido ya ce ta ɗauka.

“To ka cire wurin tsohon nan. Daƙiƙa nawa ne? Ko goma bai kai ba.”

“Takwas ne, Yaya.”

“Jini ya rufe min ido, ban san wa na buga ba. Kai ma ka sani.”

Ido ya dubi hannunsa da ke cikin filasta.

Ya so ƙwarai ya zama haka ne. Ya koma gidan talabijin, ya shiga ɗakin tace hotuna ya kulle ƙofa, ya kalli wurin a hankali, hoto bayan hoto, ya fi sau ashirin. Ga tsohon ya juyo da hannu a buɗe. Ga Guduma ya sa bayan hannun hagu ya share jinin idonsa. Ga shi ya dubi tsohon sosai, har leɓensa ya motsa. Sannan kafaɗar ta ja baya. Ido ya san wannan kallon tun yana ɗan shekara biyar, ba kallon wanda bai gani ba ne.

Da ya koma asibiti a duba masa yatsu, sai ya sauka ɗakin marasa lafiya na ƙasa, inda gadaje ashirin ke jere. Baba Sannu na can ƙarshe, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, idon hagu an rufe da auduga, likita ya ce ba zai ƙara gani da shi ba. 'Yarsa na ɗura masa ruwa ta gefen baki da sirinji. Ta gane Ido, ta miƙe za ta kore shi, tsohon ya riƙe mata zane. Ya ɗaga yatsa ya nuna filastar hannun Ido, ya girgiza kai a hankali, wato sannu. Ido ya kasa tsayawa, ya fita da sauri har yana tuntuɓe da bokiti.

Washegari ya ajiye hoton gaba ɗaya a teburin Darakta, bai cire ko ƙyaftawar ido ba. Ta kalla har ƙarshe ba ta motsa ba, sannan ta tambaye shi ko ya san abin da zai biyo baya. Ya ce ya sani. Ta miƙa wa 'yan sanda kwafi, aka kuma nuna shi a labaran yamma.

Inna ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta dube shi kawai ta ce ashe ita ta haifi wanda zai kai ɗan'uwansa gidan yari da hannunsa. Ya ce tsohon ma uban wasu ne. Ta juya masa baya ta ci gaba da ninke kaya.

Bayan sati biyar aka sallami Guduma. Bai wuce gida ba, ya sa direban tasi ya kai shi gidan talabijin da tsakar rana, ya hau bene da sandunan guragu, ba wanda ya iya tare shi. Ido na zaune gaban allunan tace hotuna ya ji an banko ƙofa. Sandar farko ta same shi a kunne, ya faɗo daga kujera. Ta biyu ta fasa allo ɗaya, gilas ya watsu. Guduma yana tsaye da ƙafa ɗaya, yana dukan duk abin da ya samu, yana cewa shi ya ɗauko shi daga ƙarƙashin mota ya mai da shi mutum, munafuki, maci amana. Ya nufi hannun mai filasta da gangan. Ido ya ji zafin ya tafi har ƙwaƙwalwarsa, kuma a karon farko a rayuwarsa bai kauce ba. Ya cafke sandar da hannu mai lafiya, ya fizge, ya tashi ya sa kafaɗa ya ture yayansa da duk abin da ya tara na shekara arba'in. Guduma ya tafi da baya ya faɗa kan tebur, teburin ya kife da shi, ƙafar da aka ɗora ta sake karyewa. Ihun da ya yi ya tara duk benen. Ido na tsaye a kansa da sandar a sama, jini na bin wuyansa. Ya daɗe a haka kafin ya jefar da ita gefe, ya ce wa masu gadi su kira motar asibiti.

A ranar Darakta ta soke shirin. Kotu ta yanke wa Guduma ɗaurin wata tara, ta ɗaure uku daga cikin waɗanda suka ƙona motarsa. Hukuma ta yi 'yan watanni tana duba tayoyi a ƙofar tashoshi, masoyansa suka ce ai ga amfanin abin da ya yi, daga baya aka daina dubawa. Baba Sannu bai ƙara riƙe sitiyari ba, ƙungiya ta ba shi kujera a rumfa yana rubuta sunayen fasinjoji. Yatsun Ido biyu sun warke a karkace, kyamara ta daina zama daram a hannunsa, ya koma ɗakin tace hotuna gaba ɗaya. Guduma kuwa da ya fito ya buɗe tsohon garejin Baba, ya kafa waya a kan ganga yana ɗaukar kansa, yana ɗingishi yana zagin motoci da masu su. An ce masu kallonsa yanzu sun fi na da yawa.

Inna ta raba musu ranakun zuwa gaisuwa don kada su haɗu, kuma shekara huɗu ba su haɗu ba. Sai wata safiya da ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, maƙwabta suka kira su duka biyun. Motar Ido ce a kusa. Suka ɗauke ta tare, ɗaya kafaɗu ɗaya ƙafafu, ba wanda ya dubi wani. Guduma ya zauna a baya ya ɗora kanta a cinyarsa, Ido ya ja mota. Sun yi nisa ba abin da ake ji sai numfashin Inna. A wata mahaɗa Ido ya sa giya, motar ta yi ƙugi kafin ta ɗauka.

“Kulocinka ya kusa ƙarewa,” in ji Guduma daga baya, a hankali.

“Na sani.”

Inna ta kwana tara a asibiti ta tashi, sai dai hannun dama ya yi rauni. Suka riƙa karɓa-karɓar jinya, wannan ya shigo wancan ya fita, in sun haɗu a ƙofa su yi maganar magani da abin da likita ya ce. Ranar da aka sallame ta Ido ya kawo mota bakin ƙofa, ya buɗe gaba da baya. Guduma ya taimaka aka zaunar da ita, ya gyara mata mayafi, ya rufe ƙofar, ya ce shi akwai inda zai biya, ya tsallaka titi yana jan ƙafa ya tsayar da tasi.